BAMBANCIN "BORROW" DA "LEND": Inda Turanci da Hausa Suka Raba Hanya

Daga cikin kalmomin Turanci da ke rikitar da ɗalibai, kaɗan ne suka kai "borrow" da "lend". Sau da yawa akan ji ɗalibi ya ce wa ɗan'uwansa "borrow me your pen", alhali a daidaitaccen Turanci "lend me your pen" ake cewa. Wannan maƙala za ta nuna cewa kuskuren ba daga rashin ƙwazo ya taso ba. Asalinsa shi ne kowane harshe da irin yadda ya yanka gonar ma'ana.

Bature, idan zai yi maganar aro, abin da ya fara dubawa shi ne ina abin ya nufa. Wanda ya karɓa shi ke da "borrow", wanda ya bayar shi ke da "lend". Saboda haka "borrow" kan tafi da "from", watau daga wurin wane, ita kuwa "lend" takan tafi da "to", watau zuwa ga wane. Haka kuma "lend" tana iya ɗaukar karɓau biyu a jere, mutum da kaya, amma "borrow" ba ta iyawa. Tarihinsu ma daban ne. "Borrow" ta fito daga "borg" ta tsohon Turanci, mai ma'anar jingina ko lamuni, domin mai karɓa shi ne ke ajiye abin da zai tsaya masa. "Lend" kuwa 'yar'uwar "loan" ce, wadda Turanci ya samo daga harshen mutanen Sikandinebiya na dā.

Shi Bahaushe wata tambaya ce ta dame shi: me za a mayar? Idan abin da aka karɓa shi ne zai koma da kansa, kamar fartanya ko riga, wannan aro ne, shi ya sa ake cewa kayan aro ba ya rufe katara. Idan kuwa za a kashe shi ko a cinye, sannan a biya da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko tiyar gero, wannan rance ne. Turanci bai kula da wannan ba, fartanya da kuɗi duk "borrow" ne.

To, ta yaya Hausa ke nuna mai bayarwa da mai karɓa? Da sauya siffar aikatau ɗaya, bisa tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a 1960:

Audu ya ari keke. Audu ya ara mini keke.
Binta ta ranci kuɗi. Binta ta ranta mini kuɗi.

Ɗalibin da ya saba da "ara mini" sai ya ɗauki "borrow" ya liƙa mata "me", yana zaton ya gama aiki. Irin wannan ne ke faruwa ga "learn" da "teach", domin Hausa tana da "na koyi karatu" da "na koya masa karatu" daga saiwa guda.

Abin ya wuce asarar maki a jarrabawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma yau da yawan yarjejeniyarsa da Turanci ake rubutawa. Idan mai rubuta takarda ya sa "Audu borrowed Garba ten thousand naira", alƙali ba zai iya tantance wa ke bin wani ba. Haka mai fassara zuwa Hausa, tilas ya san ko "loan" ɗin da ke gabansa aro ne ko rance, tun da asalin takardar ba ta faɗa masa ba.

Shawararmu ga malamai ita ce kada a koyar da kalmomin nan ɗaiɗai. A haɗa kowace da abokiyar tafiyarta, "borrow from" da "lend to", sannan a jera su kusa da "ari" da "ara wa", ɗalibi ya ga da idonsa inda harsunan biyu suka raba hanya.