Wasa ma magani ne

Ba kowace cuta ba ce ke sa jiki zafi. Akwai wadda ke kama zuciya. Yaro ya ga abin tsoro, ko uwarsa ta rasu, ko aka raba shi da garinsu dare ɗaya. Sai ku ga ya sāke. Wani ya daina magana. Wani ya koma fitsarin kwance, alhali ya daɗe da bari. Wani kuwa sai faɗa: da an taɓa allonsa, sai duka. A aji a ce da shi mai taurin kai. Bulala ba ta warkar da wannan, ƙara shi take yi.

Babba, in abu ya dame shi, sai ya tafi wurin amininsa ya faɗa masa. Yaro ɗan shekara 5 ko 6 fa? Kalmominsa ba su isa ba. In aka ce masa: «Mi ke damunka?», sai ya sunkuyar da kai ya ce: «Ba komi.» Amma a ba shi laka ko rairai, a zauna a duba. Abin da bakinsa ya kasa faɗi, hannunsa zai nuna.

Wata likita ta ƙasar Ingila, Margaret Lowenfeld, ta lura da haka. Bayan yaƙin duniya na farko ta yi aiki a ƙasar Poloniya, inda ta ga yara da yawa waɗanda yaƙi da yunwa suka wahalshe su. A shekarar 1928 ta buɗe gidan duba yara a birnin Landan. A 1929 ta kawo wani faranti mai faɗi, ta zuba rairai a ciki, ta ajiye ruwa kusa. Ta tara ƴan mutane da dabbobi da gidaje da itatuwa na wasa. Yaro ya zo, ya zaɓi abin da yake so, ya shirya shi cikin rairai. Yaran da kansu suka sa wa farantin suna «duniya». Kun ga, abin da kuke yi a ƙofar gida da shanun laka da motar kara, shi ne wannan likita ta mai da kayan aikinta.

To, yaya ake yin maganin? A ce ga wani yaro da aka kai wa ƙauyensu hari. Yana zuwa sau ɗaya a mako, ya yi kamar minti 45 tare da mai maganin. Ya gina gidaje, ya jera shanu, sa'an nan ya rushe su duka. Mako mai zuwa ya sake ginawa, ya sake rushewa. Mai maganin ba ta ce masa ya bari. Ba ta ce masa ginin ya yi kyau ko bai yi ba. Sai dai ta ce: «Gidajen sun faɗi, shanun sun ji tsoro.» Yaron ya ji an gane shi. Ran da aka kai harin, ba shi da ikon komi. A cikin faranti kuwa, shi ke ginawa, shi ke rushewa, shi ke cewa wasa ya ƙare. Sannu-sannu tsoron yana raguwa. Wata rana sai ya kewaye gidajen da shinge, ya bar su tsaye.

Wata ƴar Amurka, Virginia Axline, ta rubuta littafi a kan wannan aiki a 1947. A ganinta yaro ne zai ja gaba, babba ya bi shi, kuma kada a gaggauta shi. Duk da haka akwai doka. Yaro yana iya dukan ƴar tsana in ya yi fushi, amma ba ya dukan mutum, ba ya ji wa kansa ciwo.

A ƙasarmu ma an yi amfani da wasa ta wannan fuska. Bayan hare-haren da aka kai Boso da Difa a 2015, dubban yara sun bar gidajensu. A 2019 kuma ƴan gudun hijira daga Najeriya suka shigo jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji. An kafa wa yara rumfuna inda suke zane da waƙa da ƙwallo, manya suna lura da su. Wannan bai kai aikin mai magani ba, wanda sai an yi karatunsa shekaru. Amma a nan ne ake gane yaron da ciwonsa ya yi zurfi, a kai shi wurin wanda ya sani.

Wasa kuma ba ya warkar da yaro in har abin da ke cutarsa yana nan. In wani babba ne ke zaluntarsa, sai an fara raba shi da wannan mutum.

A ajinku wataƙila akwai wanda ke zama shi kaɗai a gindin itace lokacin shan iska. Kada ku matsa masa da tambaya. Ku kira shi langa ko dara. In ya ƙi, ku sake kiransa gobe. In kuwa kun ga kullum abu guda mai ban tsoro yake zanawa a ƙasa, ku gaya wa malam a asirce, ba gaban ƴan aji ba.