Zarumman kokowa na da

In an gama yankan hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai gari ya huta. A nan Karofane da sauran garuruwan Adar, wannan lokaci shi ne lokacin kokowa. Da la'asar makaɗi ya fito dandali da gangarsa. Samari su taru, ƴan mata su tsaya gefe guda, tsofaffi su zauna kan tabarmi. Wani lokaci samarin wani gari ne za su zo a ƙasa, su kwana biyu ko uku, a yi ta gwabzawa. Wanda ya yi kaye, sunan garinsu ake faɗi kafin a faɗi nasa.

Dokar kokowa ba ta da wuya. Mutum biyu ne za su shiga fili, ba sanda, ba wuƙa, ba naushi. Kowa na neman ya kai abokin karawarsa ƙasa. Wanda bayansa ya taɓa ƙasa, ko ya faɗi zaune, an kayar da shi ke nan. Amma kai ƙato ƙasa ba abu ne mai sauƙi ba. Wani ɗan kokowa ƙafa yake nema: ya sunkuya kamar zai ɗebi rairayi, sai kawai ka ga ya cafke ta. Wani kuwa taɗiya ya iya. Wani mai ƙarfi ne, in ya rungumi mutum ta ƙugu sai ya ɗaga shi sama, jama'a su tashi tsaye da ihu. Akwai kuma mai haƙuri, wanda zai yi ta zagaye har abokin karawarsa ya gaji, ya sake jiki. Ni irin wannan na fi jin tsoro, don ba ka sanin lokacin da zai kama.

A shekarar 1975, zamanin shugaba Saini Kunce, gwamnatin Nijar ta tara ƴan kokowar ƙasa duka wuri ɗaya, a karo na farko. A ina aka yi taron? A Tawa, babban birnin jiharmu. Kowace jiha ta aiko da nata gwanaye. Wanda ya kayar da kowa shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin Maraɗi. Tun daga nan ake yin wannan babbar kokowa, yau a wannan jiha, wata shekara a waccan. Wanda ya ci, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a kira shi sarkin kokowa.

Ni ban ga Kantu a fili ba, lokacin ba a haife ni ba. Daga bakin mahaifina na san shi. Ya ce a unguwarsu mutum ɗaya ne ke da rediyo. Ran da za a yi karon ƙarshe, sai a aza rediyon bisa turmi, mutane su kewaye shi, a hana yara ko tari. Mai ba da labari a Muryar Sahel ya ce: an kama, an saki, an sake kamawa. Ba wanda ya ga kome, amma in gari ya waye kowa zai nuna maka yadda aka yi kayen, har da ɗaga ƙafa. Gardama kuwa sai ta kai wata kaka.

Kantu ba shi kaɗai ba ne. Doso na da Salma Ɗan Rani. Damagaram na da Langa-Langa. Mu kuma mutanen Tawa muna da Kadade Zambo. Kowanensu ya ɗauki takobi. Saboda ba wanda ke shakkar wani, in biyu daga cikinsu za su haɗu, kasuwa ma watsewa take yi. Yau in kun je Maraɗi, filin kokowa sunan Kantu gare shi. Na Doso an sa masa sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Bayansu an yi wasu, kamar Haruna Abdu na Tawa, da Bindigau na Maraɗi, da Laminu Maidaba na Agadas. Sai Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka. Shi ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a shekarar 2023.

Ku lura da wani abu, yara. Mutum ɗaya ke riƙe takobi, amma ba shi kaɗai ke zuwa ba. Jihohinmu 8 ne, kowace na zuwa da ƴan kokowa 10, jimilla 80 ke nan. Kafin a kai ga goman nan, sai an tace tun daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. Kuma ƙungiya mai ƙarfi ita ce wadda na tara da na gomanta ma abin tsoro ne. Dalili kuwa, sarki ba ya kai ranar ƙarshe sai ƴan uwansa sun share masa hanya. Wani zai kayar da ƙaton wata jiha tun rana ta biyu, shi ma a kayar da shi rana ta huɗu, ya koma gida ba kome a hannu. Ba a sa wa fili sunansa, amma ƴan ƙungiyarsu sun san aikin da ya yi.

Bayan su akwai mai horarwa, da makaɗa, da mawaƙa irin su Sagalo, wanda ya yi suna wajen waƙar ƴan kokowa. Ɗan kokowa kan shigo da layu da guraye a damtse da ƙugu, ya yi kirari, ya taka rawa. Mutane da yawa sun ce asiri ke kayarwa. Ni dai abin da na gani shi ne, wanda ya yi damina yana noma, ya ja guga a rijiya mai zurfi irin tamu, ya ɗauki duwatsun tare ruwa a gona, da wuya a ɗaga shi. Mazan da a gona suka samu ƙarfinsu, a dandalin gari kuma suka koyi dabara.

Yanzu dandalin ya rage cika. Da an kai hatsi rumbu, samari da yawa sai su kama hanyar ci-rani, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Makaɗi ya buga ganga, yara ƙanana ne ke fitowa. Ga shi kuma a Buza da Madawa da Kaita an yi ƴan kokowa da suka gagari garuruwa goma, tun kafin 1975. Ba su shiga rediyo ba, ba a ɗauki hotonsu ba. Sunayensu suna bakin tsofaffi kawai.

Saboda haka, wannan mako kowa ya je wurin kakansa ko wani dattijon unguwa. Ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi: «Baba, wane ne ya fi kowa kokowa a garin nan lokacin kuna samari? Da wa ya kara? Yaya kirarinsa?» Ku rubuta abin da ya faɗa da Hausa, yadda ya faɗe shi. Ran Litinin ku zo da shi aji, mu karanta tare.