Idan An Zo Neman 'Yarku Da Sunan Taimako

'Yan'uwan Yusufu ne suka sayar da shi a kan azurfa 20 (Farawa 37). Har yau mai safarar mutane galibi sananne ne: wata gwaggo, ko wanda muke sujada tare, ya zo da alkawarin makaranta a Abuja ko aiki a Libiya ta hanyar Agadas.

Ba ya gaggawa. Zai fara da katin waya, sai kuɗin mota, sai sabuwar waya, sannan ya ce wa yarinya, “Kada mama ta ji.” Da zarar kyauta ta zo da sirri, iyaye ku farka.

Mu duba gidajenmu ma a nan Unguwar Sanusi. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, hukuncin kuwa ɗauri ne. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye, tana makaranta? Wa ke karɓar albashinta? Zumuntar mata ce ta fi kowa sanin amsar.

Kada dattawa su kashe maganar da sunan rufin asirin ikkilisiya. A kai yarinyar inda za ta tsira, a kira hukumar NAPTIP a 627.