Shin Ko Kun San? Yadda Kwamfuta Ke Lalubo Faifan Tushenta

Shin ko kun san cewa a daidai lokacin da kuka danna maɓallin kunna kwamfuta, ita kanta ba ta san ko Windows ce a cikinta ko Linux ba? Ƙwaƙwalwarta ta RAM wayam take. Abin da ke fara farkawa wata 'yar manhaja ce da aka dasa a babban allon na'urar tun daga masana'anta, BIOS a tsofaffin kwamfutoci, UEFI a na zamani.

Ko kun san bayit 512 kacal BIOS ke ɗauka daga farkon faifan ajiya? Wannan ɗan gurbi shi ne MBR, wanda ya zo da PC DOS 2.0 a 1983. Bayit 446 na umarni ne, 64 na bayanin yankuna huɗu da aka raba faifan, biyun ƙarshe kuma hatimi ne, 55 da AA. In babu hatimin, BIOS ba ya tsayawa wata-wata, sai ya nufi faifai na gaba. Tunda 446 ba su isa wani abin kirki ba, aikinsu kawai su kira babbar manhajar tayarwa irin GRUB, wadda Erich Boleyn ya fara rubutawa a 1995. UEFI ya huta da wannan ƙunci: yana da ɗan yankinsa mai tsarin FAT, irin na filash, inda yake karanta fayil kai tsaye.

To ga inda gizo ke saƙa. GRUB ta ɗora kanel, wato zuciyar Linux, a kan RAM, ta yi gefe. Yanzu kanel na bukatar tushen fayiloli, wanda ake rubutawa da alamar / kaɗai, domin duk sauran manhajoji a ƙarƙashinsa suke. Amma sau da yawa direban da zai ba shi damar karanta faifan yana kwance a cikin faifan da bai iya karantawa ba tukuna. Maganin da aka samo shi ne initramfs, wani ɗan ƙunshin fayiloli da GRUB ke miƙa wa kanel tare da shi. Kanel ya kwance shi a RAM, ya mai da shi tushen wucin gadi, ya ɗauki direbobi, in faifan a kulle yake ya nemi kalmar sirri, sannan ya koma tushen gaskiya ya tayar da manhaja mai lamba 1, wadda a yawancin Linux na yau systemd ce. In aka rasa tushen, komai ya tsaya cik, wani lokaci allo ya nuna "Unable to mount root fs". Mai kwamfuta ya ɗora hannu a ka, alhali galibi fayilolinsa na nan lafiya lau, adireshi ne kawai ya ɓace.

Kun san kuwa sunan /dev/sda ba sunan faifai ba ne na dindindin? Kamar lambar layi ce a asibiti: wanda ya riga zuwa shi ne na ɗaya. Faifan da kanel ya fara gani shi ne sda, na biye sdb. A bar filash a jiki a sake kunnawa, ko a sauya wa faifai rami, sda na jiya na iya wayar gari sdb. Faifan NVMe kuwa nvme0n1 ake ce masa, katin ajiyar Raspberry Pi mmcblk0.

Shi ya sa aka koma ga UUID, lamba mai bit 128 da ake rubuta wa tsarin fayiloli ranar da aka tsara shi, haruffa da alƙaluma 32. Ba ta da daɗin gani, ba mai haddace ta, amma a ganina duk wanda ya bar sda a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da Linux zai yi amfani da su, a yau ya sayi rigima da kuɗinsa. Sai dai ita ma tana da nata tarko. Kanel shi kaɗai bai iya neman tushe da UUID ba, initramfs ne ke yi masa. Abin da ya gane da kansa PARTUUID ne, lambar yankin. Kuma in aka kwafi faifai sukutum da umarnin dd, har lambar ake kwafewa. A haɗa su biyun a na'ura ɗaya, mutum na iya yin mako yana aiki a kan kwafi bai sani ba.



Ko kun san umarni biyu sun isa ku gane faifan da kuke kai a Linux? Ku rubuta findmnt / zai nuna yankin da ke ɗauke da tushen, misali /dev/nvme0n1p2, wato yanki na biyu a faifan NVMe na farko. Sai lsblk ya nuna ko wane faifai ne da girmansa. In amsar ta fara da /dev/mapper, akwai LVM, wato tsarin sarrafa yankunan faifai, ko makulli a tsakani, sai ku yi lsblk -s ku bi sawu har ainihin faifan. Mai son ganin abin da GRUB ta faɗa wa kanel a wannan tashin kuwa, ya buɗe /proc/cmdline ya duba abin da ya biyo bayan root=.