Ƙwayar Zogale da Gyaran Ruwan Wanki a Cikin Gida

Bahaushe ya bambance ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke, amma da zarar sun bi rariya sun fita waje, sai su tashi da suna ɗaya, wato ruwan kwata. Masana tsaftar muhalli kuwa suna ware waɗannan ukun daga ruwan masai, saboda dauɗarsu ba ta kai tasa haɗari ba, kuma ana iya gyara su a sake mora. A gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka daga hannun 'yan garuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ke sa ruwa ya gurɓace ya ƙi kwanciya shi ne ƙananan ɓurɓushin laka da datti da ke yawo a cikinsa. Kowannensu yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, wanda za mu kira korau, in muka ari kalmar daga masu nazarin nahawu. Tun da cajinsu ɗaya ne, tunkuɗe juna suke yi, ba sa haɗuwa balle su yi nauyin nutsewa. Ƙwayar zogale tana ƙunshe da wani furotin mai narkewa a ruwa, mai cajin tabbatau. Idan ya shiga ruwan sai ya manne wa ɓurɓushin, ya kashe cajinsu, su dunƙule su zama gudaji su kwanta a ƙasa. Aikin da alif yake yi ke nan, sai dai alif yana ƙara wa ruwa tsami, zogale kuwa kusan ba ya taɓa shi ta wannan fuska.

Hikimar ba daga ɗakin gwaji ta faro ba. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna tace ruwa da ita, har suna kiran bishiyar shajarat al-rawwaƙ, wato bishiyar tacewa. Daga wurinsu Samia Al Azharia Jahn ta tattara bayanan da suka fito a littafinta na 1981, waɗanda suka jawo hankalin masu bincike. Yauƙin kuɓewa ma yana irin wannan aiki, ko da yake shi haɗa ɓurɓushin yake yi kamar zare.

Yadda ake yi ba wuya. Ana ɓare busasshiyar ƙwaya, a daka ta lukui, a dama da ruwa mai tsabta kaɗan, a tace da ƙyalle, sannan a zuba cikin ruwan da za a gyara. A juya da sauri na ɗan lokaci, a sassauta hannu na wasu mintuna, a bar shi awa ɗaya ko biyu kafin a tsiyaye. Galibi ana farawa da ƙwaya ɗaya a kowace lita, a ƙara ko a rage gwargwadon kaurin dauɗar. Tunkuzar da ta rage bayan an matse man ƙwayar ma tana aiki.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin ruwan wanki ba ruwan kogi ba ne. Maiƙon da ke cikin ruwan wanke-wanke sai an fara yaɗe shi. Gishirin da garin sabulu ke bari narkakke ne, zogale ba ya kama shi, kuma idan aka daɗe ana ban ruwa da shi yana taurara ƙasa. Ƙwayoyin cuta suna raguwa domin da yawansu suna bin gudajin su kwanta, amma ba sa ƙarewa. A ganina, babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar garau ɗin ruwa a matsayin shaidar tsabtarsa. Ruwan da aka gyara haka ya dace da yayyafin tsakar gida, da kora masai, da shayar da bishiyoyi daga gindinsu, ban da sha, ban da girki, ban da ganyen da ake ci ɗanye kamar latas. Kuma kada a bar shi ya kwana, domin ragowar garin zogalen abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kafin gari ya waye sai ya soma wari.