Kati uku na farko: abin da ɗan belot zai gane a pokar Amurka

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da yamma daga Gidan Rumji, ya wuce Caduwa da Agiye har Gazawa, ba zai rasa ganin samari a fada ba: shayi na kan gawayi, tabarma a shimfiɗe, karta na zagayawa. Belot, wasan da ya zo mana daga Faransa, yana cikin waɗanda aka fi bugawa. Kati 32 ne, maki 162. A raba wa kowa biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya, sai a jira mai cewa ya ɗauka. Rabin wasan yana ƙarewa a wannan kalma. Wanda ya ɗauka ba shi da bale ko tara na dangin da aka buɗe, sau da yawa ya jefa kansa da abokin wasansa cikin rami tun kafin a buga katin farko.

Wannan shawara ce kuma ginshiƙin poka mai kati bakwai, wadda ta fi kowace tashe a gidajen cacar Amurka kafin wani salon poka, hold'em, ya ture ta, musamman bayan nasarar Chris Moneymaker a gasar duniya ta Las Vegas a 2003. Mutum takwas ne iyakar teburi. Kowa ya zuba ɗan kuɗin shiga, a ba shi kati uku, biyu a kife, ɗaya a buɗe. Mai ƙaramin kati a buɗe ake tilasta wa fara zubi. Sauran huɗun suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, uku a buɗe, na ƙarshe a kife, kuma daga kati na biyar zubin yana ninkawa. Shiga da arha, fita da tsada.

Lissafin ba ya da wuya. Hanyoyin da kati uku za su iya faɗowa daga 52 sun kai 22,100. Uku masu lamba ɗaya, hannun da kowa ke mafarki, sau ɗaya ne cikin 425. Biyu masu lamba ɗaya kusan kashi 17 cikin ɗari, uku 'yan dangi guda kuwa kashi 5 da ɗan ɗoriya. Galibin abin da ake raba wa mutum shara ne, kuma gwani shi ne wanda ya yarda da hakan ya kife katinsa.

Inda wasan ya fi daɗin nazari shi ne katunan da ke buɗe gaban sauran jama'a. A ce kana da ker uku, kana neman biyu su cika biyar. Idan ka duba katuna bakwai na abokan zama ba ka ga ker ko ɗaya ba, damarka ta kusa kashi 24 cikin ɗari. Idan uku sun bayyana a wurinsu, ta faɗi zuwa 12. Hannunka bai canza ba, darajarsa ce ta rabu biyu saboda abin da ke gaban wasu. Haka ma mai tara biyu da ya hango tara ta uku gaban maƙwabcinsa, ga mai sarki a buɗe ya ƙara kuɗi: ya ajiye kawai. Kuma katin da aka kife ya tafi ke nan, sai wanda ya riƙe shi a ka. Ɗan belot da ya saba ƙirga katunan da suka fita ya riga ya mallaki wannan ido, ko da bai taɓa jin sunan poka ba.

Littafin da David Sklansky da Mason Malmuth da Ray Zee suka wallafa a kan wasan ya fi karkata ga manyan tebura, irin na zubin dalar Amurka 15 da 30, inda kuɗin shiga dala 2 ne. A can abin da ke tsakiya ya isa a yi kokawa a kansa, mutum yakan ƙara zubi da hannu maras ƙarfi don ya kori sauran ya kwashe. A ƙananan tebura lamarin ya juya. Kuɗin shiga kaɗan ne, wani wuri ma babu shi sam, don haka zaman jira ba ya cin aljihu. Sannan mutanen wurin ba sa korewa. Sun zo nishaɗi ne, kowa na son ganin kati na gaba. Barazana ga wanda ba ya tsoro asarar kuɗi ce.

Daga nan gyaran salon wasa a ƙananan tebura yake fitowa. Idan mutum biyar za su bi ka har ƙarshe, uku 'yan dangi guda masu rai, musamman da as a cikinsu, sun ƙara daraja, domin ranar da suka cika masu biya suna da yawa. Ƙananan biyu irin huɗu da huɗu ba su da amfani sai in suna kife, ragowarsu ba ta fito ba, kuma na ukunsu babba ne. Manyan biyu, sarki da sarki ko as da as, sun fi son abokin karawa ɗaya ko biyu, cikin taro ƙarfinsu na raguwa. Duk da haka a ƙara zubi da su, ba don jama'a su gudu ba, sai don su biya tsada a kan bin da suke yi.

Akwai kuma hannun da ba a raba masa kati amma kullum yana ci: gidan caca, wanda ke cire kasonsa daga kowane zagaye. A ƙaramin teburi kason nan ya fi nauyi idan aka gwada shi da abin da ake zubawa, har yakan mayar da hannu mai 'yar riba ya koma na faɗuwa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sanyaya gwiwar mai tunanin zai ci abinci da wasan, tun kafin a zo kan hukuncin caca da ke cikin Suratul Baƙara da Ma'ida, wanda ba ɓoyayye ba ne ga kowa a ƙasar Maraɗi. A fadar da ake buga belot don maki kawai, wanda ya ɗauka da hannun banza ba ya rasa komai sai 'yar dariyar da za a yi masa, shi ya sa za ka ga ya sake ɗauka a rabo na gaba.