Mudu Ɗaya Domin Ƙidayar Waɗanda Ƙwaya Ta Kashe

A cikin shekarar 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawan Nijeriya cewa kwalaben kodin fiye da miliyan 3 a kan shanye kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. A watan Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Binciken da aka yi a ƙasar baki ɗaya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 suka sha tramadol da kodin da danginsu ba da umurnin likita ba. To, an san yawan mashaya, amma waɗanda abin ya kai kabari babu tabbataccen lissafinsu.

Dalili kuwa a fili yake. A Limawa ta Dutse, kamar sauran unguwanni, saurayi ya kan cika a ɗaki da dare, kafin azahar an yi masa sutura. Ba likitan da ya duba shi, ba wanda ya kai labari ga Hukumar Ƙidayar Jama'a, ko da yake dokar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa. Dangi su kan ce zazzaɓi ne, don gudun abin kunya.

Ko a asibiti ma rubutu ya kan sha bamban. Ƙwayoyin nan su kan danne numfashi har ya tsaya, tramadol kuma ya kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sai wani likita ya rubuta tsayawar numfashi, wani farfaɗiya. Ɗan kasuwa ya sani, in kowa ya auna da nasa mudu, ba a sanin yawan hatsin da ke rumbu.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara kundin cututtuka da musabbabin mutuwa, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Ƙa'idarsa ita ce a rubuta asalin abin da ya jawo mutuwar, a ambaci ƙwayar, a bayyana ko kuskure ne ko ganganci. Wanda ya cika a gida kuwa, akwai tambayoyin da ma'aikacin lafiya zai yi wa dangi, don a gane sababin.

Ajali na Allah ne, amma bin diddigin sababi yana wuyan bayi. Limamai da masu unguwanni su ne ke fara jin labarin kowace rasuwa. In sun ƙarfafa wa dangi guiwa su faɗi gaskiya cikin sirri, hukuma za ta san unguwar da za ta kai naloxone, watau maganin da ke komo da numfashi in an ba da shi da wuri. Allah ya shiryi matasa, amin.